Hutu a jirgin ruwa da ƙananan yara: wane kamfani ya dace da iyali daga Maraɗi?

Tambayar ta fito daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi. Yana son ya kai iyalinsa hutun mako guda cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, shi da uwargida da yara uku: mai shekara bakwai, mai huɗu, da auta mai wata 14. Ya ga sunayen MSC, Costa, Royal Caribbean da Disney a intanet, wani abokinsa kuma ya yi masa zancen AROYA ta Saudiyya. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, kafin mu taɓa sunan kowane kamfani, ɗauko fasfonka ka ajiye a gaba, sannan ka dubi autarka. Su biyun nan ne za su yi maka zaɓi, ba bidiyon da ka gani a TikTok ba. Jirgi komai kyansa, in ba za a ba ka bizar garin da yake tashi ba, sai dai kallo daga nesa. In kuma ba shi da tanadin jaririya mai wata 14, uwargida raino kawai za ta je ta yi a tsakiyar teku, da kuɗinka.

Disney da Royal Caribbean kamfanonin Amurka ne, yawancin jiragensu daga Florida suke tashi. Tun cikin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum, don haka cire wannan ɓangare daga lissafi. Abin da ya rage nasu shi ne ƴan jiragen da suke turowa Turai lokacin zafin can, wanda ya yi daidai da daminarmu, suna tashi daga Barsalona ko Civitavecchia, tashar ruwan birnin Rum. A nan suke tarar da MSC da Costa, waɗanda Bahar Rum gidansu ne, rani da damina suna ciki.

Duk huɗun biza ɗaya suke buƙata, ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, kuma nan ne aikin yake. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, Air France ma ta bar zuwa tun Agustan 2023. Sifen da Italiya suna da ofisoshinsu a Yamai, sai ka fara jin wanda ke karɓar takardun yawon buɗe ido da tsawon layinsa kafin ka biya ko sisi ga jirgi. Ƙa'ida ita ce ka nemi biza a ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo ɗaya, ƙasar da za ka fara sauka. MSC da Costa suna da wani sauƙi a nan: jirginsu yana zagaye ne kamar motar haya, ana shiga a Barsalona, ana shiga a Marsai, ana shiga a Jenowa ko Civitavecchia. Kana iya zaɓar garin shiga daidai da ƙasar da ta ba ka biza. Kamfanonin Amurka galibi tasha ɗaya suke ɗaukar kowa.

Kuɗin bizar euro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, na ƙasa da shida kyauta. Naku ya kama euro 225, wato kusan jika 148, tunda euro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, amsa tana ɗaukar kwana 15, wani lokaci har 45. Dole akwai inshorar lafiya ta aƙalla euro 30.000. Wurin da mutane ke faɗawa rami shi ne yawan shiga. Wasu jiragen suna tsayawa Tunis, na gabas kuma suna leƙa Turkiyya. Da zarar jirgi ya taɓa ƙasar da ba ta Shengen ba, an fita ke nan, komawa Italiya shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya a bakin jirgi za a tsayar da shi tun ranar farko, ko ya rantse ba zai sauka a Tunis ba, kuma ba a mayar da kuɗi. Ka nemi ta shiga da yawa, ka haɗa da takardar hanyar jirgin a cikin fayil.

AROYA hanya ce dabam. Ta fara aiki a Disamban 2024 daga Jidda, da jirgi guda mai ɗaukar fasinja sama da 3.300, tana zagaya Bahar Maliya, ta kuma yi zangon zafi daga Santambul. Babu giya, babu gidan caca, abinci halal ne duka, akwai wurin salla, akwai lokuta da wurare na mata zalla. Ga mutumin Maraɗi da ya saba da hanyar Umra wannan ba baƙuwar tafiya ba ce. Amma ka tambayi kamfanin a rubuce irin bizar da mai fasfon Nijar zai riƙe, domin in jirgin ya je Aƙaba ta Jodan ko Sharm El Sheikh ta Masar an bar Saudiyya, kuma dawowa Jidda sabuwar shiga ce. MSC ma ta saba kai jirgi Dubai, Abu Dhabi da Doha lokacin sanyi, tana kuma da zango a Durban da Cape Town daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Hanyoyin Bahar Maliya da Tekun Fasha dai tun 2024 kamfanoni ke sauya su saboda tsaro, wanda ya saye tikiti can ya karanta sharaɗin sokewa sau biyu.

Yanzu auta. Mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar jariri sai ya cika wata shida, doguwar tafiya irin ta tsallaka teku kuma sai shekara ɗaya. Ta nan kun tsallake. Mace mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar ba a ɗaukar ta, ko da takardar likita, a riƙe wannan a zuci tunda ana saye ne watanni kafin ranar.

Abin da talla ba ta faɗa shi ne iyakar shekara uku. Ɗakin wasan yara da ake kurantawa, inda za ka ajiye yaro kyauta ka tafi, kusan ko'ina daga shekara uku yake farawa, kuma sai yaron ya bar famfas yana zuwa bayi da kansa. Mai bakwai da mai huɗu sun shiga. A MSC mai huɗu yana rukunin shekara 3 zuwa 6, mai bakwai yana na 7 zuwa 11, da kayan wasan LEGO; ka san za a raba su, in ƙaramin mai maƙale wa yayansa ne a shirya masa tun gida. Costa tana da Squok Club daga 3 zuwa 11. Royal Caribbean tana da Adventure Ocean, Disney kuma Oceaneer Club na 3 zuwa 10. Auta ba ta cikin ko ɗaya. Disney da jiragen Royal Caribbean da yawa suna da gidan raino na gaske daga wata 6 zuwa shekara 3, ana biya da awa, ana kama wuri tun da wuri. MSC tana da ɗakin jarirai da kayan Chicco, kamfanin kayan jarirai, inda uwa ke zama da ɗanta, da ƴan awoyi da ake karɓar raino a wasu jiragen. A Costa kusan kullum sai da babba a gefe. In hutun uwargida shi ne gaba a ranka, Amurkawa sun fi a wannan fanni, ba gardama.

Sai dai akwai harshe, kuma ni a ganina ya fi gidan raino nauyi. Yaranka Hausa suke ji da Faransancin makaranta. A Disney da Royal Caribbean komai da Ingilishi ake yi, tun daga sanarwa har wasa. Yaro mai shekara huɗu da aka bari cikin baƙi ba ya jin abin da ake ce masa, cikin minti ashirin za a kira ku a zo a ɗauke shi. MSC da Costa suna sanarwa da Italiyanci, Ingilishi, Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci, masu kula da yara akwai masu jin Faransanci, jirgin da ke tsayawa Marsai kuma cike yake da ƴaƴan Faransawa da na Larabawan Magrib. AROYA Larabci ce da Ingilishi.

Wurin ninƙaya: yaro mai famfas ba ya shiga, ko da irin famfas ɗin ruwa ne, saboda tsoron cutar gudawa. Wasu jiragen suna da ɗan fili na feshin ruwa da aka ware wa jarirai, wasu babu. Jirgin za ka tambaya da sunansa, domin kamfani ɗaya yana da sabo yana da tsoho. Kuma ruwan nan, ko akwai mai gadi ko babu, idon uba ne gadinsa, musamman ga yaran da iyakar ruwansu gulbi ne da damina.

Ɗaki shi ne inda kuɗin zai tsaya ko ya gudu. Ku biyar ne, ɗakin jirgi kuwa yawanci mutum huɗu yake ci. Kada ka ce ai auta a gefen uwarta za ta kwana. Ana ƙidaya ta mutum cikakke, domin lissafin na kujerun kwale-kwalen ceto ne, ba na gado ba. Zaɓinka biyu: ɗakin iyali mai cin biyar, wanda kaɗan ne kuma shi ke fara ƙarewa, ko ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani. A takarda za a rubuta kai a ɗaya da yaro, uwargida a ɗaya da biyu, don ba a rubuta yara su kaɗai. Ka tabbatar an rubuta masu ƙofa a tsakani, domin na kusa da juna wani abu ne dabam. Lura kuma da yadda ake farashi: mutum biyu na farko a kowane ɗaki cikakken kuɗi suke biya ko jarirai ne, rangwame daga na uku yake farawa. Tallar "yara kyauta" da MSC da Costa ke yi a wasu ranaku tana nufin yaron da ke na uku ko na huɗu a ɗakin iyayensa, kuma zai biya harajin tasha. In kun kama ɗaki biyu, yara biyu sun zama manya a lissafi.

Ɗakin ciki marar taga shi ne mafi arha, kamar mita 13 zuwa 16 murabba'i. Ka ƙiyasta gadon miji da mata, gadon sama da ke saukowa daga silin, gadon jariri da ake shimfiɗawa a ɗan filin da ya rage, keken auta a naɗe bayan ƙofa: mai zuwa bayi da dare sai ya bi ta kan gado. Baranda tana da daɗi, manya su zauna waje in yara sun yi barci, amma mai shekara huɗu yana iya jan kujera ya hau. Shingen ya haura mita ɗaya, ba a faɗawa haka kawai, hawa ake yi. Da yara irin naku na fi son ɗaki mai taga wadda ba ta buɗewa, a tsakiyar jirgi, bene na ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Duba taswirar jirgin kada a sa ku ƙarƙashin wurin rawa ko kicin. Gadon sama mai bakwai ne zai hau, ba mai huɗu ba. Bayi shawa ce ƴar ƙarama. Disney ce ke da bahon wanka a yawancin ɗakunanta, da injin wanki na fasinja, sauran sai ka ba da wanki a biya da ɗaiɗai.

Kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne kuɗin ba. Akwai ladan ma'aikata da ake cirewa kowane dare. A MSC cikin Bahar Rum kamar euro 12 ne ga babba, 6 ga yaro daga shekara biyu, jariri babu. Naku na dare bakwai euro 252, wajen jika 165, sai in an riga an haɗa shi cikin tikiti. Royal Caribbean dalar Amurka 18,50 take cira ga kowane kai har jariri, ku biyar ya kusa 650, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Tikitin Disney kansa yakan ninka na MSC har fiye. A MSC da Costa ruwan kwalba a teburin dare saye ake, na famfon ɗakin ɗauki-da-kanka ne kyauta. In an tallata muku tsarin abin sha, ku ɗauki marar giya ko ku bar shi. Intanet na jirgi da tsada, waya kuma a sa ta yanayin jirgin sama da an bar gaɓa, in ba haka ba layin tauraron ɗan'adam zai cinye abin da ke ciki. Cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ne kuɗinka, an ɗaure shi da katin banki ko da ajiyar euro da ka ba su ranar shiga. Je bankinka a Maraɗi a ɗaga maka iyakar katin kafin tafiya, domin jirgi yana riƙe wani kaso a matsayin jingina, kati ya toshe ana tsakiyar hutu.

Abinci a jiragen Italiya yara suna son sa, taliya, fiza, shinkafa, kifi, ƴaƴan itace. Amma naman alade yana ɓuya a inda ba ka zata ba, cikin miyar taliya da kan fiza, giya kuma tana shiga wasu miya da kayan zaƙi. A rubuta buƙatar halal tun wajen saye, wata biyu kafin tafiya, sannan daren farko a sami shugaban masu hidimar tebur a maimaita masa. In ba a tabbatar ba, kifi da ganye sun isa mako guda. Cin dare zama biyu ne, na wajen ƙarfe shida da rabi da na wajen tara. Ku nemi na farko. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Barsalona sai bayan tara na dare, magariba ke nan, yara za su ƙi barci in ba a ja labule ba. Alƙibla tana juyawa da jirgi, akwai tashar talabijin a ɗaki mai nuna inda ya dosa. Ku sa ƴar buta a kaya. Shiga irin ta bakin ruwan Turawa, da kiɗa, da mashaya a kowane bene, duk suna nan a huɗun. Disney ce dai ba ta da caca. Wanda wannan zai hana shi sakewa, AROYA ce tasa, kada ya wahalar da kansa.

To ga hukuncina. In bizar Shengen ta samu, MSC, sabon jirgi babba irin World Europa, dare bakwai a yammacin Bahar Rum, farkon Satumba lokacin da ƴaƴan Turawa suka koma makaranta farashi ya sauko, namu kuwa sai Oktoba. Costa tana biye, ta fi dacewa in auta ta kai uku. In biza ta gagara, ko halal da sutura su ne gaba, AROYA. Royal Caribbean sai yara sun girma sun ji Ingilishi. Disney ga mai wata 14 asarar kuɗi ce, ba za ta tuna komai ba.

Satumba tana da haɗarinta da ya shafe mu mu kaɗai. Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne a Maraɗi, yaro yana iya tashi da ƙwayar a jiki lafiya lau, zazzaɓi ya fito kwana na huɗu a teku, likitan jirgi kuma mura zai fara zato. Kada a tsallake maganin rigakafin damina da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, a ga likita kafin tafiya ya rubuta abin gwaji da maganin da ya dace da nauyin kowane yaro, kuma duk zazzaɓin da ya taso a gaya wa likitan jirgi daga inda kuka fito tun kafin ya tambaya. Asibitin jirgi kuɗi ne, a duba inshorar ta ambaci jirgin ruwa. Katin rigakafin ciwon shawara na kowa ya zo, allurar baƙon dauro ta cika. Cutar da ta fi yawo a jirgi amai da gudawa ce, man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sabulu da ruwa ne maganinta; ku riƙe gishirin ORS da zinc. Maganin jiri kada a ba ƙaramin yaro sai likita ya faɗi adadi.

Kowane yaro da fasfonsa, mai sauran aƙalla wata shida bayan dawowa, da takardar haihuwa. Sunan da ke tikiti ya zama harafi da harafi irin na fasfo: Mahamadou ba Mohamed ba ne a wurinsu. In za a tafi da ɗan ɗakin amarya ko ɗan ɗan'uwa, sai da takardar izinin iyayensa mai hatimin hukuma. Wajen saye ka ɗauki farashin da ake mayar da kuɗin ajiya ko ya ɗan fi tsada, don tarar sokewa tana hawa ne har ta cinye duka a makonnin ƙarshe, kuma hana biza ba uzuri ba ne a wurin kamfani.

Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne da ɗoriya, yini guda a mota, daga can Royal Air Maroc ta Kazablanka ko Turkish Airlines ta Santambul. Ku isa garin da jirgin ruwa yake aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, biyu ya fi, don ba ya jiran kowa. Kilishi, dambun nama da cuku ba sa shiga Turai, a filin jirgi za a karɓe. Madarar jarirai a rufe an yarda da ita har kilo biyu. Kaskon turaren wuta, dutsen guga da butar lantarki duk za a ƙwace a bakin jirgi, wuta ce babban abin tsoronsu. Manyan akwatuna sai yamma suke isowa ɗaki, famfas, madara, magunguna da kayan canji su zauna a jakar hannu, famfas ɗin kuma na dukan kwanakin, don shagon jirgi ba abin dogaro ba ne. Kafin a tashi akwai atisayen ceto, wajibi ne, an ƙara tsaurara shi bayan hatsarin Costa Concordia na Janairun 2012 da ya ci rai 32. Za a ɗaura wa yara abin hannu mai alamar wurin taruwarku, kada a cire shi, a kuma nemi rigar ceto daidai auta.

Ba kowace tasha ake sauka ba. Rum tana da nisan kilomita 80 daga Civitavecchia, da keken jariri da zafi wahala ce zalla. Ranar ku zauna a jirgi, wurin wasa ya zama naku. Inda jirgi ke tsayawa nesa da gaɓa ana kwasar mutane da ƙananan kwale-kwale, irin tsibirin Santorini na Girka, zanen goyo ya fi keke. In kun fita da kanku, ku bi agogon jirgi, ku dawo da saura awa guda a kan lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa, da kwafin fasfo da lambar wakilin kamfanin na wannan tasha a aljihu.